Takardar Awon Mai Jego

Kin zo da takardarki ta awon mai jego kina gaggawar a raba ta a asibitoci. To, 'yata, zauna ki ji wani misali kafin in sa miki hannu.

An yi wata malamar asibiti, mai ƙwazo ce ba laifi, sai dai ba ta son a ce mata dakata. Ta samo takardar tambayoyi da aka tsara a ƙasar Turkiyya don auna yadda mace ke murmurewa bayan haihuwa. A can an gwada ta a kan matansu, ta yi daidai. Aka mayar da ita Hausa tsaf, malama ta ɗauka ta nufi wani ƙauye. Tsohuwar ungozomar garin ta ba ta shawara su fara gwada ta a kan matan da ta san lafiyarsu ciki da bai, su ga ko takarda za ta faɗi abin da ido ya gani. Malama ta ce ba ta da wannan lokacin. Takardar tana tambaya ko mai jego tana wanka da kanta, ko tana girki, ko tana fita. Alhali a garin, mai jego mai gata ko tsinke ba ta ɗagawa sai ta yi arba'in. Uwa ko gwaggo ke dafa ruwa da ganyen darbejiya ta yi mata wanka, a dama mata kunun kanwa, a gasa mata nama. Da malama ta bi masu jegon garin da tambayoyin, duk suka amsa da a'a, takarda ta jera su cikin marasa lafiya, ga su nan ɓul-ɓul sai sheƙi suke yi.

Mace ɗaya ce ta amsa da i tun daga sama har ƙasa. Baƙuwa ce da aka auro daga nesa, gidansu can bayan gari, uwarta ta rasu, miji ya tafi cirani. Kwananta uku da haihuwa tana jan ruwa a rijiya, tana hura wuta, don in ba ta yi ba babu mai yi. Da aka tambaye ta ciwo, ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Malama ta rubuta cewa ta warke sarai, ta cire gidanta daga gidajen da za ta riƙa zagayawa. Ana gobe suna, wata mai tallar nono ta ji jariri yana ta tsala kuka ba mai rarrashi. Ta leƙa, ta tarar da uwar kwance a gindin murhu, jiki zafi rau, jini ya ƙi tsayawa. Kafin a kai ta asibiti, rai ya yi halinsa. Har yau in na tuna yarinyar nan sai na ji ƙwalla ta cika mini ido.

Saboda haka ɗauki takardarki ki shiga gidajen matanmu, ki gwada ta a kansu tukuna, ko da zai ci miki shekara. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.