Furannin Bana

"Haba Nerys, tafiya muke ko tsere?" in ji Baba, yana ƙanƙame hannuna. "Tsohon naki fa ba doki ba ne."

Duk shekara in sanyi ya wuce, yakan kawo ni dajin nan kallon shuɗayen furanni. Bana aiki ya riƙe ni a birnin Cardiff, sai ƙarshen Mayu na zo.

Ya tsaya yana murmushi.

"Kai! Dubi yadda suka rufe ƙasa. Sun fi na bara kyau, ko?"

Na duba. Duk sun bushe, ko ɗaya babu. Na kaɗa hannu a gaban idanunsa, ko ƙiftawa bai yi ba.

Na sauke hannuna.

"Sun fi, Baba."