Matakala Goma Sha Ɗaya

Daga bakin gada har bayan kasuwar albasa, babu wanda bai san labarin ɗakin ƙasa na ƙauyen Garu ba, domin Bukari maso, wato magini, ba ya barin kunne ya wuce shi a banza. Shi kaɗai ne a duk Malanbil, in ji shi, ya taɓa haƙa ɗaki a ƙarƙashin gida, dab da kogi, ruwa bai ko leƙa shi ba. Matakala goma sha ɗaya ake sauka. Bushewar ɗakin ta kai in ka manta da ashana a ciki, sai ta kyasta kanta. Shekarun ɗakin kuwa sun danganta da mai sauraro: ɗan gari a ce masa tara, baƙo goma sha biyar.

Mai ɗakin, Malam Salifu manomin albasa, ya rasu tun damina ta farko bayan ginin. Wannan ya sauƙaƙa wa labarin rayuwa ƙwarai.

Shi kansa Bukari bai sake taka Garu ba tun ranar rani da ya kwashe kayan aikinsa. Ba wai yana gudun wani abu ba, hanyar ce babu kyau. Shekaru sun yi ta wucewa yana facin katangun da ambaliya ta kayar, bana ya ɗaga, baɗi su kwanta. Gwiwoyinsa sun gaji, bayansa ya gaji, har labarin ma ya fara gajiyar da shi.

Sai ga Alhaji Badaru, ɗan kasuwar albasa daga Kamba, ya sayi fili zai yi gida. Ya taɓa shiga wani ɗakin ƙasa a Kwatano, sanyinsa ya tsaya masa a rai, shi da zafi ke ruɓar wa kaya kowace shekara. Amma maƙwabta sun gaya masa ko masai suka haƙa a unguwar, ruwa na tarar da su a ƙirji. Mako uku Alhaji yana juyi. Da safe a haƙa, da la'asar kada a haƙa. Sau huɗu aka kafa turaku aka ja igiya, sau huɗu aka cire.

Lissafin Bukari a fili yake. In da ɗakin ƙasa, aikin nasa ne har faɗuwar ruwa, tunda shi kaɗai ke da suna a kai. In babu, Alhaji zai kira matasan magina na Kandi masu injin kwaɓa siminti, shi kuma ya koma facin katanga. Don haka kullum da azahar, a inuwar darbejiyar filin, yakan sake sauka matakalan nan goma sha ɗaya da baki, Alhaji na bin sa a baya.

A wannan inuwar ne Safiyatu mai kifi ke sauke kwanonta. Dattijuwa ce marar yawan magana, kabu-kabu ke kawo ta daga ƙauye ya mayar. Masunta suna ta kukan kogi ya yi rowa bana, ita kuwa ba miji, ba kwalekwale, amma kwanonta kullum a cike yake zuwa. Tarwaɗa ce masu ƙiba, tsawonsu ɗaya kamar an gwada da igiyar maso. Takan zuba wa leburori suna hira da Dandanci, in Bukari ya soma labari sai ta koma kallon hannuwansa. Kullum takan ƙara masa kan tarwaɗa guda a kan nasa. Da ya taɓa yin godiya, cewa ta yi haƙƙinsa ne. Ya ɗauka kwarjini ne.

Ranar Alhamis Alhaji ya iso da fuskar wanda ya gaji da kansa. Ya zauna a kan bulo, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Maso, yau dai mu ƙare. Ka hwaɗa min tsakaninka da Allah, ɗakin nan na Garu yana nan tsaye?"

"Tsaye kamar jiya, Alhaji," in ji Bukari, yana zare ƙaya daga bakinsa. Wannan kam bai ji nauyin faɗarsa ba.

"Kuma ana amfani da shi?"

"Kullum."

Alhaji ya yi ajiyar zuciya, ya dubi leburori, ya ɗaga hannu zai ce a ɗauko diga. Bukari ya ji gwiwoyinsa sun yi sauƙi karon farko cikin shekaru.

"Gaskiya ya hwaɗi, Alhaji," in ji Safiyatu, ba tare da ta ɗago daga kwanonta ba. "Ginin bai tsage ba ko nan da can. Da shi nika ciyar da ɗiyan marigayi mijina Salifu. Sai dai matakalan, maso, nawa ka ce?"

Bukari ya mayar da lomar cikin kwano. "Goma sha ɗaya."

"To, ƙila haka ne. Mu dai biyu muke gani a saman ruwa, rani da damina." Ta tsamo wani kan tarwaɗar ta ɗora masa a kwano. "Ci, maso. A ɗakinka aka haihe ta."