Ƙyastun Baba Jatau

Shekara talatin bayan hana hura wuta a faɗin ƙasa, aka umarci duk mai tsohon kayan hura wuta ya miƙa shi gidan tarihi. Baba Jatau, tsohon maƙeri, ya kai ƙyastun mahaifinsa: ƙarfe, dutse da 'yar audugar rimi.

Malama Ladidi, ma'aikaciyar wurin, ta jera su a cikin akwatin gilashi kusa da kayayyakin da aka tono daga ƙasa, ta rubuta a kati: "Kayan adon mutanen da can."

"'Yata, ba ado ba ne," in ji Baba Jatau. "Da shi muke ƙyasta wuta. Bari in nuna miki sau ɗaya, bayan ni babu wanda ya iya."

"Haba Baba, so kake a kore ni daga aiki? Ai masana sun gama bincike, dutse ba ya ba da wuta."

"Masanan sun taɓa ganin wuta?"

"A hoto mana."

Ta zare audugar ta jefa kwandon shara, a zatonta abin naɗi ne, ta kulle gilashin. Ya daɗe yana murza tabon ƙuna a babban yatsansa, sannan ya sunkuya zai ɗauki audugar.

"Bar ta, Baba," ta ce. "Datti ne."