Ranar da Alhaji Maidaji Ya Yi Dariya

Murfin kwalbar ya yi tsalle ya bugi silin, kumfa ta biyo baya, Babayo ya buga ihun murna. Abu ya yi!

Tun zuwansa Guangzhou ta ƙasar Sin yake kewar lemon malt na gida. Da ya yi wa maƙwabcinsa, tsoho Lao Chen, kwatance da hannu da guntun Turanci, sai tsohon ya tafa cinya, alamar ya gane sarai. Ya kawo masa tsiron sha'ir, da wani ganye mai ɗaci, da ɗan gari a leda. Aka dafa, aka tace, aka rufe a bokiti har makonni. Ranar ɗurawa, Lao Chen ya matse 'ya'yan itacen lici masu zaƙi kamar zuma, ya tsiyaya ruwan a kowace kwalba, ya kumbura kumatu don nuna wa Babayo cewa zaƙin nan ne zai haifi gas, ya bar ƙamshi.

Ga shi kuwa ya nuna a kan gaɓa. Alhaji Maidaji, dilan takalma daga Kano, ya sauka a unguwar Xiaobei, ya ce zai leƙo ya ga yaron da ke son 'yarsa Najiba, ɗalibar jami'a a nan birnin. An ce ko a bikin ɗansa ba a ga haƙorinsa ba.

Ya iso bayan la'asar, fuska murtuk. Babayo, wanda ya ɗanɗani kwalba guda yake jin kansa sakayau, ya durƙusa ya miƙa kofi mai sanyi.

"Da ɗaci-ɗaci," in ji Alhaji. "Amma ƙaro."

A kofi na uku ya tuɓe hula. Can ya fara ba da labarin yadda jaki ya taɓa kayar da shi a Dawanau, yana dariya har da hawaye. Babayo ma dariya yake, bai san dalili ba. Lallai haka so yake juya mutum!

"Yaro, ka kwanta mini a rai," in ji Alhaji, yana dukan kafaɗarsa. "Turo magabatanka!"

Najiba ta iso daga makaranta ta tarar da mahaifinta yana rera waƙar noma, mai son aurenta yana amshi. Ta tsaya sororo. Lao Chen, da hayaniya ta fito da shi, ya tare ta a bakin ƙofa yana zuba Sinanci, yana nuna kwalaben da alfahari.

"Me yake cewa?" Babayo ya tambaya, baki har kunne.

Najiba ta dubi mahaifinta, ta dubi kofin da ke hannunsa.

"Cewa ya yi tun yana saurayi yake dafa giya, bai taɓa samun ɗalibi mai hannu kamarka ba."