Yi Mana Kukan Nan

Likita na cewa ɗanta ya rasu, uwar ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka. Sai wata nas ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Ba laifin nas ba ne. Uwar 'yar wasan barkwanci ce, kuma da wannan kukan aka san ta: murya ta sirance, ta sarƙe, ta ƙare da shaƙuwa. Tun fim ɗinta na farko jama'a ke riƙe ciki in ta yi shi. Shi ya gina mata gida, shi ya sayar da littafinta. Duk taron da ta je jawabi sai an roƙe ta: "Don Allah yi mana kukan nan!"

A wurin makoki kukan ya sake ƙwace mata. Yara suka ƙyalƙyale, manya suka sunkuya suna cizon leɓe.

Yayarta ta ja ta gefe. "Ki dubi Allah, yau dai ki yi na gaske."

"Yaya, ba ni da wani. Tun farko na gasken nake yi wa jama'a."

Ta shige banɗaki ta cusa tawul a baki, don kada a yi wa ɗanta dariya.