Gayyar Fitilu

Tun da aka sa wa rumbun iri ƙofar ƙarfe, fitila ce mabuɗi. Wanda ya sallama wa kamfani gonarsa a ba shi shuɗiya. Mu da muka ƙi, ja.

Ruwan shuka ya sauka jiya. Da hantsi Baba Barmo ya kira gayya, muka haska ƙofar da jajaye arba'in.

"Ku matso, ku ƙara haƙuri," in ji shi. "Shi haske taruwa yake yi."

Har azahar ƙofar ko motsi ba ta yi ba.

"Baba, ba yawa take ji ba," in ji 'yarsa Tabawa. Ta kwance bakin zaninta, ta fito da 'yar shuɗiya, haskenta da ƙyar ake gani. Nan take ƙofa ta buɗe.

Baba Barmo bai shiga ba.

"Wace gonar, Tabawa?"