Giwan Ruwan Malam Ja'afaru

Zaren ya miƙe, sandar fatsar ta lanƙwashe kamar za ta karye. Malam Ja'afaru ya tokare dutse da ƙafarsa mai lafiya, ya sassauta. Babban kifi ba a ja-in-ja da shi. In ya fizga ka sakar masa zare, in ya lafa ka ɗaga sanda ka naɗe.

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, abokan fatsarsa na unguwar Malali suka daina biyo masa. Sagir, wanda shi ya koya wa ɗaura ƙugiya, har cewa ya yi a majalisa, "Ai Malam an gama yayinsa." Maganar ta ci shi ƙwarai.

'Yarsa Umaima ce kaɗai ta tsaya masa. Duk Asabar takan kawo shi bakin kogin Kaduna a mota. Ita ta samo Audu masunci, wanda ke kai masa ƙugiyar a kwale-kwale can bayan duwatsu, tunda hannun Malam ba ya iya jifa. Kuma tun da suka fara, bai taɓa komawa gida hannu rabbana ba.

Amma na yau daban ne. Kifin ya nutsa, ya yanki tsakiyar ruwa, ya juyo. Gumi ya jiƙe wa Malam Ja'afaru riga, ƙirjinsa na bugawa.

"Baba, ka ba Audu ya ƙarasa!"

"Kada wanda ya taɓa min sanda!"

A hankali ya karkato kan kifin daga duwatsu, yana janyo shi kaɗan-kaɗan, har farin cikinsa ya bayyana a saman ruwa. Giwan ruwa ne, ya kai tsawon yaro. Audu ya cusa hannu a ƙarƙashin kumatunsa ya fito da shi, ko kabbara bai yi ba.

Malam Ja'afaru ya zauna yana haki, yana dariya har da ƙwalla. Da numfashinsa ya dawo, ya dogara sanda ya nufi mota don Umaima ta ɗauke shi hoto a tura wa Sagir.

Ta ba shi baya, tana yi wa Audu faɗa ƙasa-ƙasa. Dariyar ta mutu a fuskarsa da ya ji abin da take cewa.

"So kake ka kashe min uba? Na ce maka ƙananan kifaye za ka riƙa maƙala masa a ƙugiyar, kamar kullum!"